Nazarin Jinsi a Jami'a: Aikin da Yake Kai Mutum da Tunanin da Yake Bar Masa

Nazarin jinsi fanni ne na ilimin zamantakewa da ke binciken yadda al'umma ke raba aiki, dukiya, iko da mutunci tsakanin maza da mata, da abin da rabon ke haifarwa a gida da kasuwa da asibiti da kotu da majalisa. Bambancin halittar namiji da mace aikin masana jikin ɗan Adam ne. Abin da wannan fanni ya sa a gaba shi ne abin da jama'a suka ɗora a kan halittar, wanda ke sauyawa daga gari zuwa gari, daga zamani zuwa zamani. A Kantin Kwari maza ne ke riƙe da cinikin atamfa, a Lome da Accra kuwa manyan 'yan kasuwar atamfa mata ne. Wankau a ƙasar Hausa namiji ne, alhali a wurare da dama wanki aikin mace ne tsantsa. Fannin yana kuma da reshe mai duba aure, sha'awa, saduwa da haihuwa, da ƙa'idojin da al'umma ke gindaya musu, kuma wannan reshen ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce.

A jami'o'in Amurka aka fara ware masa sashe, da sunan nazarin mata, inda kwalejin San Diego ta buɗe na farko a 1970. A shekarar ce kuma Ester Boserup, masaniyar tattalin arziki 'yar Denmak, ta fitar da littafin da ya nuna cewa a sassa da yawa na Afirka mata ne ke yin kaso mai tsoka na aikin gona, amma Turawan mulkin mallaka da malaman gona da suka biyo bayansu maza kaɗai suke ba horo da iri da bashi. Daga nan maganar ta fita daga aji ta shiga ofisoshin gwamnati. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi manyan taruka huɗu kan mata: Meksiko a 1975, Kwafanhagan a 1980, Nairobi a 1985, sai Beijin a 1995. Na Beijin ne ya fi shafar aljihun masu digirin, domin a can aka amince cewa kowane shiri na raya ƙasa, ko na ruwan sha ne ko na titi, sai an duba yadda zai shafi maza da mata kafin a kashe kuɗi. Tunda dai dole a duba, to dole a ɗauki mai dubawa aiki.

Afirka ba ta zauna jiran a kawo mata fannin a kammale ba. A 1977 mata masu bincike na nahiyar suka kafa ƙungiyarsu ta AAWORD a Dakar. A 1982 aka yi wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya haifi ƙungiyar Women in Nigeria, wadda ta karɓi maza ma a matsayin mambobi. A 1985 aka kafa FOMWAN a Minna, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, da Aisha Lemu a matsayin Amira ta farko. Farfesa Bolanle Awe ta jagoranci cibiyar bincike kan mata a Jami'ar Ibadan daga 1987, Jami'ar Makerere ta Yuganda ta buɗe sashe a 1991, sannan Amina Mama, wadda ta tashi a Kaduna, ta shugabanci cibiyar jinsi ta Jami'ar Cape Town daga 1999. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da tata cibiyar. Masanan Afirka sun yi jayayya da na Turai tun da wuri. Ifi Amadiume ta nuna a 1987 cewa a garin Nnobi na ƙasar Ibo 'ya mace kan iya hawa matsayin ɗa namiji a gado, Oyeronke Oyewumi kuma ta kafa hujja a 1997 cewa a tsohuwar ƙasar Yarbawa girma da shekaru sun fi jinsi tasiri wajen tsara matsayi. A Najeriya galibi ana shiga fannin ne a matakin difloma ta gaba da digiri ko digiri na biyu, bayan mutum ya riga ya karanci shari'a, ilimin zamantakewa, aikin jarida ko kiwon lafiya.

Abin da ake koya

Babban abin da ɗalibi ke fita da shi shi ne iya ƙirga abin da aka saba tsallakewa. Misalin da ya fi kusa shi ne na matan kulle. Malamin ƙidaya ya tsaya a zaure da takardarsa, ya tambayi mai gida ko uwargida tana da aiki. Mai gida ya ce a'a, tana gida. Malam ya rubuta marar aiki, ya wuce. A cikin gidan kuwa tun asuba an soya ƙosai, an matse man gyaɗa, an murza ƙuli-ƙuli, akwai hula rabi a kan gwiwa, ga adashi da za a zuba ran Juma'a. Polly Hill ta rubuta kan wannan ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa tun 1969, Enid Schildkrout kuma ta bi sawun yaran Kano a shekarun 1970 ta gano cewa su ne ƙafar uwa da bakinta a kasuwa. Wannan binciken ya bayyana abin da ya daɗe yana ɗaure wa jami'an ilimi kai. Uwar da ta hana 'yarta zuwa boko ba lallai ƙin karatu take ba. In yarinyar ta tafi aji, farantin talla ya tsaya, jari ya karye, kayan ɗakin da ake tara mata ma sun tsaya. Shirin sa yara mata a makaranta da bai lissafa wannan asarar ba, rajista zai cika, aji ya zauna wayam.

Don haka ake horar da ɗalibi ya tsara tambayar da za ta kamo gaskiya, ya san cewa sai mace ce za ta shiga cikin gida, ya raba kowace ƙididdiga gida biyu, ta maza da ta mata, ya kuma tambayi wanda ke riƙe da kuɗin bayan an sayar da amfanin gona. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya, wato girki da raino da jinya da ɗebo ruwa, kuma kusan duk wannan ba ya shiga lissafin arzikin ƙasa.

A fannin lafiya ma haka. Sereen Thaddeus da Deborah Maine sun bayyana a 1994 cewa jinkiri uku ke kashe mace a wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Likita yana da iko a kan na ukun ne kawai. Na farkon yana hannun mai gidan da ya tafi cin rani bai bar izini ba, da surukar da ke ganin naƙudar gida ita ce jarumtaka, da kunyar haihuwar fari da ke hana yarinya faɗin cewa ciwo ya fara. Yawancin masu yoyon fitsarin da ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina doguwar naƙuda ce ta kai su can. Wanda ya karanci jinsi, a kan wancan jinkirin na farko yake aiki.

Inda ake samun aiki

Ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa su ne suka fi ɗaukar masu wannan karatu, musamman tun da rikicin Boko Haram ya cika Borno da Yobe da Adamawa da 'yan gudun hijira. Aikin jami'ar jinsi a sansani ba shi da wani ƙyalƙyali. Ita ce mai cewa kada a haɗa banɗakin maza da na mata a jere ɗaya, a sa sakata ta ciki, a kafa fitila a hanya. Ita ce mai lura cewa in an rubuta katin abinci da sunan mai gida alhali matansa uku, wani ɗakin zai kwana da yunwa. Ita ce mai tambayar nisan dajin da 'yan mata ke zuwa itace, da wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana ba da izinin fita, da abin da yake nema kafin ya bayar. Rahotannin Human Rights Watch a 2016 da Amnesty a 2018 sun tabbatar da cewa an yi lalata da mata a sansanonin don abinci ko izinin fita. A 2018 ɗin kuma asirin wasu ma'aikatan Oxfam ya tonu kan abin da suka aikata a Haiti, lamarin da ya sa masu ba da tallafi suka tsananta sharaɗin cewa kowace ƙungiya ta ajiye jami'in kare waɗanda ake taimako daga masu taimakon kansu. Wannan ya buɗe guraben aiki masu yawa.

Gwamnati ita ce ta biyu. Akwai ma'aikatun mata na tarayya da na jihohi, da teburan jinsi a ma'aikatu da ofisoshin 'yan sanda, da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta sa burin ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 kuma ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta yadda namiji ma zai iya kai ƙara. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 dominsa a 2020, ya fara da jihohi bakwai da suka haɗa da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, kuma irin wannan bashi ba ya fita sai da masu sa ido kan sha'anin jinsi. Cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna, suna buƙatar wanda ya san yadda ake sauraron yarinya ba tare da an mai da ita mai laifi ba. Bankuna ma sun shigo, tun da a 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi a Babban Banki, aka sa musu burin kashi 30 na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan muƙamai ga mata. A Amurka, binciken da Barbara Luebke da Mary Ellen Reilly suka wallafa a 1995 kan rukunin farko na masu digirin ya same su warwatse a aikin lauya, koyarwa, lafiya, kasuwanci da jin daɗin jama'a.

Aikin lauya ne ya ba da darasi mafi girma a Arewa. A 2002 wata kotun shari'a a Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, duniya ta ɗauka da ihu, takardun koke suka dinga kwarara daga Turai. Ƙungiyoyin gida da suka tsaya mata, BAOBAB da WRAPA, da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, ta cikin fiƙihun Malikiyya suka bi. Sun kawo hujjar kwantaccen ciki, wanda mazhabar ta yarda zai iya daɗewa shekaru bayan rabuwar aure, da haƙƙin janye iƙirari, da kurakuran da aka yi a zaman kotun farko. Ayesha Imam, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi taron Zariya na 1982, ta sa hannu a wata wasiƙa a 2003 tana roƙon masoya na waje su dakatar da koke-koken, domin wasunsu na ɗauke da bayanan da ba daidai ba, kuma suna iya harzuƙa mutane su ɗauki doka a hannu. A Satumbar 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallami Amina. Har gobe wannan shari'a ita ce amsa ga mai zaton cewa jin Turanci da haddar yarjejeniyoyin duniya sun isa mutum aiki a Arewa.

Sai dai kasuwar aikin tana da rauni, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi ba. Fannin ba shi da lasisi irin na likita ko akanta, ba shi da wata kujera da doka ta ce sai mai shi zai hau. Digirin kamar daddawa yake, yana gyara miya amma ba a cin sa shi kaɗai. Wanda ya haɗa shi da ƙididdiga, shari'a, aikin jinya, malamin gona ko tsara kasafin kuɗi shi ne ke daɗewa a aiki. Yawancin guraben na kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu, kuma kuɗin daga waje suke zuwa. Da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025, shirye-shirye da dama a Najeriya sun tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Siyasa ma tana iya rufe ƙofa rana ɗaya, kamar yadda Hangari ta soke amincewa da digirin fannin a 2018. Akwai kuma wata cuta ta cikin gida: taron bita a otal ɗin Abuja, kuɗin zama, hoton rukuni, rahoto mai kyan bango, ƙauyen da aka yi dominsa kuwa bai san an yi ba. Amina Mama ta soki makamancin wannan tun 1995, inda ta nuna yadda shirye-shiryen matan shugabanni, irin Better Life na Maryam Babangida da aka fara a 1987, suka fi ɗaukaka matan manya a kan matan karkarar da ake ambata.

Abin da ke sauyawa a kai

Masu karatun sukan ce da zarar ido ya buɗe ba ya sake rufuwa. A taron unguwa mutum zai lura da waɗanda ba a gayyata ba. A gidan biki zai ga wanda ya ci da wanda ya wanke tukunya. A rabon gado zai lura cewa an ba 'ya'ya mata kasonsu a takarda, gonar kuma ta ci gaba da zama hannun yayansu. Wannan ɗabi'a tana da amfani a ofis, a gida kuwa takan jawo tsegumi. Budurwar da aka ji tana wannan karatu sai a fara cewa ta zama 'yar feminis, ba za ta zauna gidan miji ba, idonta ya buɗe da yawa. Wasu kan koyi kama baki a gaban dangi, wasu kuma kan zafafa har su rasa masu sauraronsu.

Abin mamaki, da yawa daga cikin Musulmai karatun kan mai da su ga littattafan addini ne. Mai son kare haƙƙin matar da aka saka ba tare da ciyarwa ba, dole ta san babin aure da saki da hul'i da reno fiye da wanda zai ja da ita, sai ta tarar sadaki mallakarta ne, dukiyar da ta nema tata ce, da yawa daga abin da ake hana ta da sunan addini al'ada ce kawai. Suna kuma da abin tinƙaho a tarihi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru, inda jagororinsu mata, da ake kira jaji, ke ɗauko karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauye, kuma littafin Jean Boyd na 1989 ya sa jami'o'in duniya suka san ta. Akwai kuma waɗanda karatun ke kai su wani gefen, su ɗauki ra'ayin da ya yi hannun riga da na iyayensu. Fannin bai da baki ɗaya. A cikinsa akwai masu jayayya da juna fiye da yadda na waje ke zato.

Maza ma suna ciki, a matsayin ɗalibai da kuma abin nazari. Tun littafin Raewyn Connell na 1995 nazarin mazantaka ya zama reshe mai ƙarfi, kuma tambayoyinsa sun dace da Arewa ƙwarai: nauyin lefe da gidan zama a kan saurayin da ba shi da aiki, mai gidan da darajarsa ta rataya a kan cefanen da ya gagare shi, yaron da aka tura almajiranci yana ɗan shekara shida don ana ganin namiji ba ya lalacewa. A Damagaram ta Nijar, asusun UNFPA ya fara makarantun mazaje, inda magidanta masu mutunci ke zama su tattauna awon ciki da haihuwar asibiti, su ja hankalin 'yan uwansu, kuma tsarin ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Namijin da ya karanci fannin yana shiga majalisar dattawa da zauren liman, wuraren da abokiyar aikinsa ba za ta zauna ba, shi ya sa ƙungiyoyi ke neman irinsa ruwa a jallo.

Reshen sha'awa da saduwa shi ne mai ƙaya. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, kuma rinjayen jama'a, Musulmi da Kirista, yana bayanta. Manhajar koyar da sha'anin jima'i a makarantu sai da aka sake mata suna da fasali a 2003 ta koma ta rayuwar iyali da cutar ƙanjamau kafin ta karɓu, duk da haka a 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya ba da umarnin a cire darussan. Hayaniyar yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu a 2024, wadda gwamnati ta musanta cewa tana ɗauke da sharaɗin auren jinsi, ta nuna yadda zargin tallata auren jinsi ke kusa. Masu zargin suna da ɗan abin kamawa, domin akwai manhajojin da aka kwaso ɗungurungum daga waje ba a tambayi kowa ba. Amma nazarin abu daban, goyon bayansa daban. Rudolf Gaudio ya wallafa bincikensa kan 'yan daudun Kano a 2009, ba don shi ya kawo su ba, sun riga shi daɗewa a garin. A aikace, mafi yawan waɗanda suka bi wannan reshe a Najeriya suna ƙarewa ne a yaƙi da ƙanjamau, tazarar haihuwa, lafiyar 'yan mata masu tasowa, da tsara dokokin hana malamai neman ɗalibai, batun da ya ɗauki zafi bayan binciken BBC na 2019 kan lalata don maki a jami'o'in Legas da Gana. Irin wannan aiki yana cin rai. Wadda ta wuni tana sauraron labarin fyaɗen yara takan koma gida da shi, kuma ba kowace ƙungiya ke tanadar wa ma'aikatanta wanda za su amayar wa ba.

Siyasa ita ce fagen da tasirin masu digirin ya fi ƙaranci. Su ne ke rubuta daftarin ƙudurori da takardun hujja, amma Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita damar jinsi a 2016, a Maris na 2022 kuma Majalisar Tarayya ta ƙi gyare-gyaren tsarin mulki da suka shafi mata, ciki har da na ware musu kujeru. Bayan zaɓen 2023 matan da ke cikin sanatoci 109 ba su kai biyar ba. Nijar ta bi wata hanyar tun 2000, lokacin da ta kafa dokar kaso da ta tilasta wa jam'iyyu sa mata a jerin 'yan takara, aka kuma ɗaga kason a 2014 da 2019. Kwatanta ƙasashen biyu, masu harshe ɗaya da addini ɗaya a bakin iyaka amma dokoki daban, yana cikin batutuwan da ɗaliban digiri na biyu da na digirgir za su iya zurfafawa, tare da yawan mutuwar aure a birane, da cinikin da matan kulle suka mayar WhatsApp da Instagram, inda mai babur da lambar asusun banki suka fara karɓar aikin da 'yar talla ke yi a da.